Daren kallon fim na ƙarshen Nuwamba, a zo a ba ni shawara

Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kun san dai a mitin ɗin da ya wuce ni aka ɗora wa daren kallon fim na ƙarshen Nuwamba. Ɗakin taro an samu, yana cin mutum 40, akwai majigi akwai farin allo, an ba mu daga ƙarfe 6 zuwa 10 na dare, saura fim. To 'yan ajinmu Turawa na nan Ingila da na ba su labari duk sai suka ce in yi shi irin na Rocky Horror, wai ba zama ake a yi tsit ba, kowa zai yi shigar mutanen cikin fim ɗin, ana mayar wa 'yan wasa magana ana jefe-jefe ana tashi rawa. Ni dai ban taɓa ganin fim ɗin ba amma tsarin ya burge ni, don gaskiya na gaji da taron da za a zo kowa ya duƙufa a kan wayarsa a ci abinci a watse. Wa ya san shi? Zai yiwu da mutanenmu?

Zee:
Wa alaikumus salam Anti Ummi. Ni na je, lokacin Halowin ƙawayena suka ja ni. Tun a bakin ƙofa za a sayar miki da 'yar leda, a ciki akwai jarida, safar hannu ta roba, hular takarda irin ta bazday, katin karta da naɗin tishu, kowanne da lokacin da ake fito da shi. In aka zo wurin da ruwan sama ya tare saurayin da budurwar, ita ta ɗora jarida a ka, sai duk ɗakin a ɗora jarida, na kujerun baya kuma su yi ta fesa ruwa da bindigar ruwa ta yara. Sannan ga wasu a tsaye gaban allon suna kwaikwayon duk abin da ake yi a fim ɗin daidai wa daida, kaya iri ɗaya motsin baki ɗaya. Wlh ban ji rabin maganar fim ɗin ba saboda ihu amma na yi dariya har cikina ya ƙulle

Sadik:
Bari in ɗan ba da tarihinsa don a san a kan me ake magana. Asalinsa wasan dandamali ne, Richard O'Brien ya rubuta, aka fara yinsa a Landan a 1973 a wani ɗan ɗaki da ke saman gidan wasan Royal Court wanda bai fi cin mutum 60 da 'yan kai ba. Da ya karɓu sai aka mayar da shi fim a 1975, Jim Sharman ya ba da umarni, Tim Curry da Susan Sarandon suna ciki. Da ya fito faɗuwa ya yi warwas, ba masu kallo, gidajen sinima suka yi ta cire shi. Sai a Afrilun 1976 wani gidan sinima a Niyok mai suna Waverly ya fara saka shi ƙarfe 12 na dare, lokacin da ba mai fitowa sai ɗalibai da 'yan yawon dare. Mutanen nan dai su ne za su dawo wannan satin su dawo na gaba har suka haddace shi, suka san inda ɗan wasa zai ɗan yi shiru kafin ya ƙarasa magana, sai wani ya cusa tasa a wurin a kwashe da dariya, sati mai zuwa kowa ya faɗa tare da shi. Shigar da kayan jifan duk daga baya suka biyo. Kamfanin fim bai tsara ko ɗaya ba, aikin 'yan kallo ne. Tun daga lokacin ba a daina haska shi a sinima ba, shekara 50 ke nan, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane fim daɗewa ana nunawa, a 2005 ma ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihi.

Maman Walid:
Tsaya tukuna. Zee ba ki faɗi shinkafar ba. Ni na ji an ce har shinkafa ake watsawa da gasasshen burodi, haka ne? Abinci fa? A wannan marrar da buhun basmati ya zama abin da ya zama

Sadik:
Haka ne Maman Walid. Fim ɗin da ɗaurin aure a coci ya fara, su kuma a al'adarsu ana watsa wa ango da amarya shinkafa, to sai 'yan kallo su ma su watsa. Burodin kuma wurin cin abincin dare ne ake cilla shi sama. Amma yanzu gidajen sinima da yawa sun hana shinkafar saboda wahalar shara da ɓeraye, wani ma ya taka ya zame. Akwai kuma wata waƙa da a da ake kunna kyandir ko laita, yanzu an hana, sai tocilan ko hasken waya.

Maman Walid:
To shi fim ɗin kansa a kan me yake? Don ni da yara uku zan zo, babban shekararsa 11

Sadik:
Kada ki kawo su, ba zan ɓoye miki ba. Labarin wani saurayi ne da budurwarsa da tayar motarsu ta fashe cikin dare ana ruwa, suka shiga wani tsohon katafaren gida neman aron tarho. Mai gidan wani masanin kimiyya ne namiji amma da kayan ciki na mata yake yawo, jan baki da takalmi mai tsini, ya ƙera wani mutum a ɗakin gwajinsa don ya biya bukatarsa, ya yaudari budurwar ya yaudari saurayin, akwai kisa da diga, daga baya ma a teburin cin abinci aka gano naman wanda aka kashe ake ci. Duk cikin barkwanci da waƙa aka yi shi, suna tsokanar tsofaffin finafinan ban tsoro ne, amma dai abin da ke ciki ke nan. A Amurka alamar R aka ba shi, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Maganganun da 'yan kallo ke jefawa kuma sun fi na fim ɗin ɓaci, rabinsu ashar ne da batsa. Wanda bai taɓa zuwa ba kuma ana zana masa alama a goshi da jan baki a fito da shi gaba a tsokane shi kafin a fara.

Ummi:
Innalillahi. Su kuma 'yan ajin nawa ba wanda ya gaya min haka, cewa kawai suka yi fim ɗin waƙoƙi ne mai ban dariya

Malam Auwal:
Assalamu alaikum. Malama Ummi Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki yanke. Ina ganin bayanin da Sadik ya yi ya wadatar, wannan ba abin da za mu tara iyali da sunan ƙungiya mu kunna ba ne. Akwai dattawa a cikinmu, akwai matan aure, akwai yaran da iyayensu suka turo karatu suka ba mu amanarsu. Mutanen ƙasar nan suna da nasu muna da namu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A nemi wani.

Zee:
Malam ai ba wanda ya ce dole sai shi. Kuma ni don na je ba wai na koma wani abu ba ne, na ga yadda wasu suka fara turo min saƙo ta gefe, don Allah a bari. Anti Ummi tsarin ta ce ya burge ta ba fim ɗin ba. Abin da na gani a wurin shi ne mutanen da ba su san juna ba, tsoho da yarinya, mai kunya da marar kunya, awa ɗaya da minti arba'in duk sun zama 'yan gida ɗaya. Mu nan shekara nawa muna taro har yau akwai wanda ban taɓa jin muryarsa ba

Malam Auwal:
Ban zarge ki da komai ba 'yata, kuma masu tura miki saƙo su ji tsoron Allah. Maganata a kan fim ɗin ce.

Sadik:
Zee ta yi gaskiya amma akwai inda tsarin zai ba mu matsala ko da fim ɗin wankakke ne tas. Abin nan ba a aro shi. Su waɗancan sai da suka kalli fim ɗin har ba adadi kafin bakinsu ya buɗe, ihun daga haddar ya fito. In kika tara mutum 40 da ba su taɓa ganin fim ba kika raba musu takarda kika ce a minti kaza ku ce kaza, kowa zai zauna yana kallon takardar yana jiran wani ya fara, kamar ki ce a yi miki amshin waƙar da ba a taɓa ji ba. Don haka tambayar ita ce wane fim ne mu muka haddace ba tare da an sa mu ba?

Maman Walid:
To ga The Sound of Music. Shi ai na iyali ne, kuma na san ana yin irin wannan da shi, akwai gidan sinimar Prince Charles a Landan da suka fara tun 1999, ana rubuta baitin waƙoƙin a ƙasan allo kowa na bi, in mugu ya fito a yi masa ihu, mutane na zuwa da shigar mata masu zaman coci. Mu da hijabanmu ma ai mun gama shiga hhhh

Zee:
Maman Walid kin kashe ni 😂

Ummi:
Fim ɗin 1965 ne fa kuma ya kusa awa uku. Ni waƙa ɗaya na sani a ciki ita ma rabi. Wa ya haddace shi a nan tsakani da Allah?

Isufu Damagaram:
Ni ko sunansa ban taɓa ji ba sai yau

Kawu Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo ya fi 30. Na karanta duka. Yaran nan kuna ba ni mamaki, wai sai Bature ya koya muku yadda ake mayar wa fim magana? Mu da muka tashi a Fagge ga Plaza a bayan gidanmu, ga El Dorado a Sabon Gari, ga Orion a Ƙofar Wambai, wa ya taɓa kallon fim ɗin Indiya a Kano baki a rufe? Sinimar ba rufi, sai an yi isha duhu ya yi ake kunnawa, masu kuɗi suna baya a kan kujera mu 'yan kwabo muna gaba a kan benci wuyanmu a sama. In mugu ya laɓaɓo zai bugi jarumi duk sinimar ce za ta ɗauka, bayanka! bayanka! In jarumin ya juyo ya kai masa naushi sai fito da tafi, wani ya cilla hularsa sama ba zai ƙara ganinta ba. In waƙa ta zo kowa ya bi, ba mai jin Indiyanci ko ɗaya amma ba harafin da za mu sauke. In mai majigi ya yanke waƙa don a tashi da wuri ranar sai ya ji sunan kakarsa. Akwai waɗanda sun ga fim ɗin sau ba adadi, suna zaune kusa da kai suna faɗa maka abin da ɗan wasa zai ce kafin ya buɗe baki, da tasu fassarar da suka ƙirƙira. Har sunaye muka raɗa musu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan nan, har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora yabon Annabi a kai. Duk abin da Sadik ya lissafa mun yi shi, ledar kayan wasa ce kawai ba a sayar mana ba.

Abu ɗaya zan roƙa, maganar kyandir da na gani a sama ko da wasa kada a kawo. A 1951 gidan sinimar El Duniya ya kama da wuta a Kano mutum 331 suka rasu, mun tashi iyayenmu suna ba mu labarin, shi ya sa ma da yawansu ba su yarda ɗansu ya je sinima ba, mu ma satar jiki muke yi.

Hajiya Bilki:
Kawu ka faɗi naku na maza. Mu ina muka ga sinima? Macen da aka gani a ƙofar sinima a Kano lokacin an gama da sunanta. Mu a talabijin muka kalla, CTV da NTA, daga baya bidiyo ya zo a taru a ɗakin wadda mijinta ya saya, a rufe ƙofa a ɗaura ɗankwali a ƙugu. Ihun da muke yi bai gaza naku ba, ku ne dai ba ku ji

Kawu Ɗan Fagge:
Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. To ga dama ta samu a haɗu a ɗaki ɗaya. Ni shawarata Disco Dancer. 1982, Mithun Chakraborty, kiɗan Bappi Lahiri. Ba Kano kaɗai ba, har Tarayyar Sobiyet sai da fim ɗin nan ya tayar da ƙura, Rashawa har yau sun san Jimmy, jarumin fim ɗin.

Zee:
Kawu wannan ai na zamaninku ne. Mu namu Dilwale Dulhania Le Jayenge ne, Shah Rukh da Kajol. Shi ne ma ya fi kama da abin da ake magana, tun 1995 gidan sinimar Maratha Mandir a Mumbai ke nuna shi, mutane na zuwa suna faɗin maganganun tare da 'yan wasa. Kuma a Landan labarin ya fara, 'yan ci-rani ne irinmu. In aka zo wurin jirgin ƙasa na ƙarshe duk sai mun miƙa hannu

Isufu Damagaram:
Ni kam ina mamaki duk kun tsallake namu. Sangaya fa? Ali Nuhu da Fati Muhammad, yarima da 'yar aikin gida. Mu a Damagaram gidan kallo muke biya mu zauna a tabarma, kaset ɗin har sai da ya fara ja saboda yawan maimaitawa. Wannan waƙar ko cikin barci aka tashe ni zan yi ta, kuma da Hausa ce ba sai mun yi ta tauna harshen da ba mu sani ba

Ummi:
Isufu wlh na yi tunaninsa, har na duba. Kwafin da ke yawo a intanet daga kaset aka juyo shi, a waya ma dishi-dishi ne balle an haska shi a bango, sautin kuma kamar ana magana cikin tulu. In wani yana da mai kyau ya taimaka

Sadik:
Ni ina bayan Kawu kuma ga dalilina. Fim ɗin da ake yi wa irin wannan daren sai ya zama ana sonsa kuma ana iya yi masa dariya a lokaci guda. Shi ya sa wancan na Turawan ya yi aiki, labarin shirme ne, kowa ya san shirme ne, ba wanda zai ji haushi don ka yi magana a kai. Na su Zee kuwa in aka zo wurin da uban ya saki hannun 'yarsa rabin ɗakin kuka suke so su yi, ka kuskura ka yi barkwanci a nan sai an harare ka. Amma Disco Dancer fa? Yaro mai waƙa a titi, attajiri ya ɗora wa uwarsa sharrin sata aka ɗaure ta, ya girma ya zama sarkin disko don ya rama, maƙiya suka haɗa wa jitarsa wutar lantarki uwar ta riga shi taɓawa ta mutu, daga nan ya koma in ya ga jita sai ya hau karkarwa. Ga riga mai ƙyalli ga fitilu suna walƙiya ga faɗan da ake yi da salon rawa. Wannan ko ba a raba takarda ba baki zai buɗe da kansa. Sannan lissafin lokaci, shi awa biyu da kwata ne ko kusa da haka, na Zee ya haura awa uku, in aka sa hutu da cin abinci mai gadi zai kashe mana wuta jirgin bai tashi ba.

Zee:
Yaya Sadik ka ɓata wa waɗanda ba su gani ba labarin ai

Sadik:
A irin wannan daren sanin labarin shi ne tikitin shiga

Hajiya Bilki:
To ni ma'aji bari in zuba muku ruwan sanyi. Na ɗaya lasisi. A ƙasar nan faifan da ka saya ko Netflix ɗinka na kallon gida ne, da zarar ka fito da shi ɗakin taro ka tara jama'a sai da izini ko da kyauta ne ba a karɓi ko sisi ba. Akwai kamfanin Filmbankmedia da ke ba da lasisin nunawa sau ɗaya, Ummi ki duba ko suna da wanda aka zaɓa, in ba su da shi sai a nemi masu haƙƙin fim ɗin, kuma ki tambayi masu ɗakin ko suna da nasu lasisin da ya rufe mu. Kada a sa rana a buga sanarwa sannan a zo ana kame-kame. In abin ya gagara sai a rage mutane a koma falon wani, wannan ba ruwan kowa.

Na biyu, ba jifa da komai. Ba shinkafa ba fure ba yankakkiyar takarda mai ƙyalli ba ruwa. Kun manta walimar sallah da zoɓo ya zube a kafet masu wancan ɗakin suka riƙe mana kuɗin ajiya gaba ɗaya? Ni na yi ta safa da marwa a kansu ban samo ko fam ɗaya ba. Wannan karon shayi da ruwan roba, zoɓo ya zauna a gida.

Maman Walid:
Hajiya taro ba zoɓo ai zaman makoki ne

Hajiya Bilki:
Ki kawo, ki kuma ajiye fam 100 a hannuna

Kawu Ɗan Fagge:
Ba sai an jefa komai ba. A ba kowa farin hankici, in uwar ta fito a ɗaga, in ta mutu a share hawaye da shi a yi salati. In attajirin nan ya fito a buga ƙafa a ƙasa a yi masa eho. In jita ta bayyana kowa ya ce kar ka taɓa! In waƙa ta zo a kashe fitilar ɗakin a kunna hasken waya ana kaɗawa. Shi ke nan, sauran zai zo da kansa. Shiga kuma mai sauƙi ce, wando mai faɗin ƙafa, riga mai sheƙi, ɗaurin goshi, baƙin gilashi. Wanda ya ga dama ya zo a Bappi Lahiri, ya tattaro duk sarƙoƙin matarsa ya zuba a wuya, Allah ya sa dai ta yarda.

Isufu Damagaram:
A sa mai fassarar Hausa mana, irin ta su Algaita. Su ai sun riga sun zuba barkwancin a ciki

Sadik:
Shi ne matsalar ai, in mai fassara ya riga ya yi barkwancin mu me ya rage mana? Ga kuma maganar Hajiya ta lasisi, wanda za a ba mu izininsa shi ne na asali. A bar shi da Indiyancinsa da rubutun Turanci a ƙasa, Kawu ya zama mai fassararmu da bakinsa. Su ma can suna da mai jan ragama da ke tsayawa gaba kafin a fara ya zafafa ɗakin ya koya wa sababbi abin yi. Kuma ina ba da shawara mutum huɗu ko biyar su kalla tare kafin ranar su san wuraren, ranar kuma kada su zauna wuri ɗaya, a warwatsa su cikin mutane, in na kusa da kai ya yi ihu kai ma kunyar za ta sake ka.

Malam Auwal:
Ban hana nishaɗi ba, ni ma na ga Disco Dancer ina yaro ba zan yi ƙarya ba. Amma ina da magana biyu. Sallah dai ba matsala, ƙarshen Nuwamba a nan magariba tana yi wajen ƙarfe 4, kafin 6 da rabi an yi isha an gama, sai a fara. Ta biyun ita ce rawa. Fim ne na rawa daga farko har ƙarshe, na san halin yaranmu, waƙa ta biyu za a ture kujeru. Maza da mata a fili ɗaya ana rawa ana ɗauka a waya gobe a gani a TikTok, iyayen wata a Katsina su gani, wa zai amsa? Ni in za a yi haka ba zan zo da iyalina ba, kuma ba fushi ba ne.

Zee:
To Malam in ba rawa ba jifa ba zoɓo me ya rage, mu zo mu ɗaga hankici kawai?

Hajiya Bilki:
Zee bi a hankali. Maganar waya gaskiya ce, ni kaina ba zan saki jiki ba in na san ana ɗauka. Amma Malam kai ma ka sassauta, tafi da rausaya a kan kujera ai ba rawa ba ce. Ni abin da nake gani a yi na kowa da kowa a zaune, iyalai a gefe ɗaya samari a ɗaya gefen, ba ɗaukar bidiyo in an kashe fitila, hoton shiga a yi shi a waje kafin a fara ga wanda yake so. Sannan mu mata mu sa tamu ranar a falona, mu sa na su Kajol mu rufe ƙofa mu ɗaura ɗankwali, a nan Zee ki yi duk rawar da ke cikinki

Zee:
Wannan kuma na yarda da shi. Amma dai a rubuta cewa ban ji daɗi ba, kullum mu ne ake cewa mu jira wata ranar

Maman Walid:
A rubuta nawa ma. Amma zan zo. Sadik shi wannan yara za su iya gani ko shi ma akwai mai cin naman mutane?

Sadik:
Babu hhhh. Akwai duka da karya ƙafa da mutuwar uwar, ga shan giya a wasu wurare da 'yan rawa da gajerun kaya irin na disko. Walid zai iya, ƙananan biyun dai ki duba da kanki tukuna, ke kika san su.

Malam Auwal:
In aka tsaya a kan abin da Hajiya ta faɗa zan zo, ni zan ma tsaya a ƙofa in tabbatar ba a ture kujerun ba.

Kawu Ɗan Fagge:
Malam kai da za ka zo da ɗaurin goshi

Ummi:
To alhamdulillah. Zan sa ƙuri'a yanzu tsakanin Disco Dancer da Sangaya in an samu kwafi mai kyau, a rufe ranar Laraba da dare don in samu in rubuta wa masu lasisin da wuri. Na su Zee ya koma gidan Hajiya. Finafinan Indiya da ma da hutunsu a tsakiya, a nan za a ci abinci, minti 20 ba ƙari. Maman Walid samosa, Isufu shayi tunda ku ne gwanaye, tsire kuma a yi karo-karo. Masu kallon gwaji Kawu, Yaya Sadik, Zee da ni, saura mutum ɗaya. Hankici zan saya dozin huɗu.

Kawu Ɗan Fagge:
A samo min makirfo

Hajiya Bilki:
Kawu muryarka ba ta bukatar makirfo, ɗakin mutum 40 ne ba filin Sani Abacha ba. Ummi lasifikar ɗakin fa kin gwada ta? Ta wancan karon in aka ƙara sauti sai ta hau kuka

Ummi:
Ban gwada ba, sai ranar Litinin za su ba ni makulli. Wa ke da lasifika mai kyau da zai ara mana in tasu ta ƙi, kuma wa zai taho da mota daga wajen Bradford ya ɗauko Isufu da tukunyar shayinsa?